Difloma, Diflomasiyya da Jakada: Me Sunan Karatun Ya Ƙunsa?

A wani shagon kwamfuta da ke Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, na ji wani dattijo manomin rake yana tambayar ɗansa da ke cike takardar JAMB: "Wai me ka ce za ka karanta?" Yaron ya ce, "Diflomasiyya, Baba." Dattijon ya ɓata rai ya ce, "Duk wahalar nan a difloma za ka tsaya? Ai digiri muka yi da kai."

An yi dariya, amma kunnen dattijon bai yi kuskure ba. Kalmomin biyu tsatsonsu ɗaya ne. A harshen Girkawa, diploma na nufin takardar da aka ninke biyu, irin wadda hukuma kan bai wa mutum don shaida ko izini. Daga nan aka sami sunan takardar kammala karatu, daga nan kuma Faransawa suka fitar da sunan aikin masu riƙe da takardun yarjejeniya tsakanin sarakuna. Takarda ce ta haifi sunayen biyu, sai dai takarda ba ta taɓa yin sulhu ita kaɗai ba.

Sunan karatun kansa bai zauna wuri ɗaya a bakinmu ba. Gidajen rediyo kan ce hulɗar ƙasa da ƙasa, wasu su ce dangantakar ƙasashe, wasu kuma alaƙar ƙasashen duniya. Dangantaka daga dangi ta fito, tana ɗauke da ƙamshin zumunci, alhali ƙasashe sun fi duba riba. Alaƙa da hulɗa daga Larabci muka aro su, kuma asalin hulɗa cuɗanya ce. Ita ta fi dacewa, domin mutum yakan yi hulɗa da wanda ba ya ƙauna idan ciniki ya haɗa su. Duk wanda ya ga ɗan Makarfi yana sayar wa baƙon Kudu lodin mazarƙwaila ya san haka.

A jami'o'i ma sunan ya rarrabu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962 kuma take kusa da ɗan Ikara, Makarfi ko Kudan, sashe guda ne ya haɗa kimiyyar siyasa da nazarin ƙasa da ƙasa. A Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, hulɗar ƙasa da ƙasa tana da sashenta na kanta. A wasu jami'o'in kuwa sashen tarihi ne ya ƙara wa sunansa "da nazarin ƙasa da ƙasa" ko "da diflomasiyya", kuma tarihi ne mafi yawan abin da za a koyar. Ba laifi ba ne, amma ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya biya kuɗin makaranta. Fannin ma ba tsoho ba ne: a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kafa kujerar farfesansa ta farko a Aberystwyth ta Birtaniya, domin a gano abin da ke jefa ƙasashe cikin yaƙi.

Kalmar da ta fi jan hankalin yaranmu ita ce jakada. Da an ambace ta sai su hango mota mai tuta da ofis a Landan ko Riyad. Amma a tsohuwar ƙasar Zazzau, jakada bawan sarki ne ko yaron hakimi. Hakimai suna zaune a birnin Zariya, garuruwan da suke riƙo suna nesa, jakada ne ke zirga-zirga tsakani: ya kai umarni, ya karɓo haraji, ya dawo da labarin abin da talakawa ke ciki. A cikin gida kuma jakadiya ce ke shiga inda namiji ba ya shiga. Ba a naɗa su don takarda ba, sai don amana, iya baki da sanin halin ɓangarorin biyu. Har kalmar siyasa, kafin ta zama ta jam'iyya da ƙuri'a, ma'anarta ke nan: idan aka ce "bi shi da siyasa", ana nufin lallashi da dabara.

Jakadan yau iri biyu ne. Akwai wanda ya shiga Ma'aikatar Harkokin Waje tun yana ƙaramin ma'aikaci, ya yi shekaru yana hawa mataki-mataki. Akwai kuma wanda shugaban ƙasa ya zaɓo daga waje, Majalisar Dattawa ta tantance shi. Babu ɗayansu da digiri ke bayarwa kai tsaye. Farfesa Ibrahim Gambari ya koyar a Zariya kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984, daga baya ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya shugabanci Babban Zauren Majalisar daga 2019 zuwa 2020, kimiyyar siyasa ya karanta a Zariya, ya shafe shekaru yana koyarwa a Sakkwato. Aji da alli ne suka fara kai su.

Gurabe a Ma'aikatar Harkokin Waje kaɗan ne, masu nema kuwa tuli. Galibin waɗanda suka yi wannan karatu sukan ƙare a koyarwa, aikin jarida, hukumar shige da fice, kwastan, ko ƙungiyoyin agaji. Abin da ke bambanta masu nema shi ne harshe da alƙalami. ECOWAS, wadda aka kafa a 1975 kuma hedikwatarta ke Abuja, da Turanci, Faransanci da harshen Fotugal take aiki. Larabci da Faransanci suna cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Yaron Ikara da ya taso da Hausa, ya yi Larabci a Islamiyya, ya riga ya riƙe jari. Idan ya ƙara Faransanci, daga Maraɗi har Dakar ba a yi masa tafinta.

Saboda haka tambayoyin da za a yi kafin zaɓen jami'a ba na suna ba ne. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin? Wane sashe ke riƙe da shi? Ana koyar da harshen waje, dokar ƙasa da ƙasa da tattalin arziki? Aljihun gida zai iya ɗaukar zaman nesa, ko Zariya ta wadatar?

Da za su tashi, dattijon nan ya ce wa ɗansa, "To, ko ma me sunansa, ka dai koyo yadda ake shiga tsakanin mutum biyu a rabu kowa bai ji an cuce shi ba. Dillalin rakenmu bai je jami'a a Samaru ba, amma ya iya wannan."