Aiki, Cima da Ƙiba a Rayuwar Dattijo: Waiwaye Daga Achika ta Ƙasar Wudil

Gabatarwa

"Motsa jiki" baƙon lafazi ne a bakin manomin ƙasar Kano. Hausa ta daɗe da kalmomi irin su ƙiba da teɓa da tumbi da rama, kuma samari sun gaji dambe da kokawa da langa, amma ba a san magidanci ya ɗora wa kansa wahala don neman lafiya kurum ba, domin rayuwa ta riga ta ɗora masa. Wannan maƙala za ta dubi yadda dangantakar aiki da cima da nauyin jiki ta sauya a rayuwar dattijo, ta hanyar ɗaukar Achika, ɗaya daga garuruwan ƙaramar hukumar Wudil, a matsayin misali.

Zamanin Fartanya da Turmi

A farkon ƙarni na 20, mutumin Achika, kamar sauran manoman wannan yanki, da ƙarfin damtsensa yake ci. Shi ne sharar gona da huɗa da noma da girbi, in kuma zai ci kasuwar Wudil ran Juma'a, sai a ƙafa ko a kan jaki. Matarsa kuwa tana fama da sussuka da surfe da daka da niƙa a dutse. Cimarsu ba ta wuce tuwon dawa ko na gero da miyar kuka, da fura da koko da ɗanwake ba. Nama sai da salla ko suna. Saboda haka nauyin jiki yakan bi juyin shekara: a murmure da kaka, a zube da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aiki kuma ya tsananta. Wata shekarar ma abin yakan wuce haka, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914.

A irin wannan hali ne Bahaushe ya ɗauki ƙiba alamar sarauta da wadata. In aka ce wane "ya yi jiki", yabo ne. In aka ce "ka rame", jaje ne. Har ila yau tsarin gandu ya tanadi cewa in 'ya'ya suka tasa sai su hutar da mahaifinsu, suruka kuma ta karɓi taɓarya daga hannun uwar miji. Sai dai wannan hutu a makare yake zuwa, bai kuma canza abin da ke cikin akushi ba. Tsoho bai daina zagaya gona ba, tsohuwa kuwa da ta fita daga kulle ita ce cin kasuwa da zumunci a ƙafa.

Zamanin Inji da Sukari

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa daga 1912 sun kawo kuɗi hannun manomi, amma babban sauyi sai bayan farin 1972 zuwa 1974, sa'ad da arzikin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika kasuwanni da shinkafar waje da fulawa da sukari. A hankali burodi da shayi suka shiga karin kumallo, taliya da lemon kwalba suka biyo baya. Injin niƙa ya rage aikin turmi, babur ya kori jaki, maganin feshi kuma ya ɗauke wani kaso na aikin fartanya. Watau cima ta ƙara maiƙo da zaƙi, wahala ta ragu, amma al'adar hutar da dattijo da yabon ƙiba ba su gusa ba.

Binciken zamani ya fito da haɗarin wannan gami. Daga shekara 30 tsokar mutum takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, musamman in ba ya aiki da ita. Daɗin daɗawa, nazarin da Herman Pontzer da abokansa suka buga a mujallar Science a 2021, kan mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, ya nuna cewa yadda jiki ke ƙona abinci ba ya raguwa tsakanin shekara 20 da 60, sai bayan nan. Ke nan teɓar ɗan shekara 45 ba laifin shekaru ba ce. A nemi dalilinta a akushi da tabarma. A bayanta kuma ciwon sukari da hawan jini suke laɓe.

Kammalawa

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da su yi motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ma'aunin da manomin dā kan cika a yini guda na damina. Ba wanda zai yi fatan komawa zamanin Kakalaba, kuma dattako ya hana tsoho gudu a bainar jama'a. Amma bai hana shi tafiya masallaci da gona da gaisuwar dangi a ƙafa ba. Aikin da ya rage ga malaman harshe da al'ada shi ne su sake duba ma'anar "hutu" da "yin jiki", don kada ɗa ya zaunar da mahaifinsa wuri ɗaya da shayi mai sukari yana zaton biyayya yake yi.