Kuɗin Tsare Makarantu, Daga Chibok Zuwa Maraɗi

Yau zancen kuɗi za mu yi, wato kuɗin da aka yi ta alkawarin bayarwa tun 2014 domin a tsare makarantu. Iyayen yara da daraktocin makarantu suna yawan tambaya: a ina ake samun tallafin da za a ja katanga, ko a sauya rumfar zana da aji na gini? To, wanda zai nemi kuɗin nan ya kamata ya fara sanin tarihinsu, wa ya yi alkawari, nawa ya ambata, kuma a ina suka tsaya.

Kafin Chibok an riga an zubar da jinin ɗalibai. A watan Yulin 2013 an kai hari makarantar kwana ta Mamudo a jihar Yobe, a Satumba aka afka wa kwalejin aikin gona ta Gujba, sannan a Fabrairun 2014 aka kashe yara maza da dama a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi. An yi ta'aziyya, an yi Allah wadai, amma ba wanda ya buɗe asusu. Sai daren 14 ga Afrilun 2014, da aka kwashe ƴan mata 276 daga makarantar Chibok, duniya ta waiwayo.

Aka yi katari kuwa, makonni uku bayan haka Abuja na karɓar babban taron tattalin arziki na duniya kan Afirka. Attajirai da shugabanni sun hallara, ga ƴan jarida ko'ina. A nan ne Gordon Brown, tsohon firaministan Birtaniya, wanda a lokacin yake wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ilimi, ya sanar da shirin samar da aminci a makarantu. Ƴan kasuwar Najeriya suka yi alkawarin dala miliyan 10, gwamnatin Jonathan ta ce ita ma ta sa miliyan 10, aka ɗora kula da asusun a kan ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala. Daga baya Jamus da Norwe da Birtaniya da Bankin Raya Afirka suka ƙara nasu. A canjin wancan lokaci dala miliyan 20 ta haura naira biliyan 3, ko kusan miliyar 10 na sefa. Aka ce za a fara da makarantu 500 a arewa.

Ku yi lissafi da kanku. In an raba miliyan 20 gida 500, kowace makaranta ta tashi da dala dubu 40. Duk wanda ya san makarantun kwana na gwamnati a arewacin Najeriya ya san yadda aka gina su: can bayan gari, a kan fili mai faɗin gaske, don yara su sami natsuwa, su sami gona da filin ƙwallo. A zamanin da aka yi haka dabara ce mai kyau. Amma kewaye irin wannan fili da katanga kaɗai na iya cinye dala dubu 40 ɗin, ba a zo ga fitila da mai gadi da wayar kiran agaji ba. Tun ranar farko ke nan rigar ta gaza wuya.

Abin da shirin ya yi wanda ido ya gani, shi ne ɗauke ɗalibai kimanin 2,400 daga Borno da Yobe da Adamawa zuwa kwalejojin gwamnatin tarayya a wasu jihohi, su ci gaba da karatu. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga yaran da abin ya shafa. Sai dai ku dubi makarantar Chibok ɗin kanta, wadda da sunanta aka tara kuɗin. A Maris na 2015 ministar kuɗi ta je ta aza harsashin sake gina ta. Aka yi zaɓe, gwamnati ta sauya, aikin ya tsaya. Makarantar ba ta kammalu ba sai a 2021, bayan gwamnatin jihar Borno ta Farfesa Zulum ta ɗauki aikin. Shekara bakwai. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya na sakandare a shekarar da aka ƙone makarantar ta gama ta fita kafin a sake buɗe ta.

A nan ake ganin halin kuɗin da aka tara cikin juyayi. Suna zuwa da sauri, da hayaniya, kuma suna rataye ne a wuyan mutum biyu ko uku. In waɗannan suka bar kujera, sai asusun ya zama maraya, tunda ba shi da gurbi a kasafin kuɗin shekara-shekara, ba kuma wata doka da ta tilasta a ci gaba da zuba masa.

A Mayun 2015 ƙasashe suka taru a birnin Oslo, bisa jagorancin Norwe da Ajantina, suka fitar da sanarwar kare makarantu a lokacin yaƙi. Najeriya da Nijar da Chadi sun amince da ita tun a shekarar, Kamaru ta biyo baya a 2018. Sanarwar ta nemi a daina mayar da makarantu barikin soja, a riƙa rubuta duk harin da aka kai, a kuma ci gaba da karatu ko ana rikici. Mutane da yawa suna ɗauka da kuɗi ta zo. A'a, alkawari ne na siyasa, ba ko dala a cikinta. Amfaninta ga mai neman tallafi shi ne, yana iya kafa hujja da ita, ya ce ga abin da ƙasarmu ta sa hannu a kai. Kuɗi kuwa, a 2016 ne aka kafa asusun duniya na ilimi a wuraren da rikici ko bala'i ya shafa, a babban taron jin ƙai na Istanbul, kuma ya yi aiki a Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru. Sai dai wannan asusu ba ya miƙa wa makaranta kuɗi hannu da hannu. Ta hannun hukumomi irin su UNICEF da manyan ƙungiyoyin agaji yake bi, su ne ke zaɓen wuraren aiki tare da ma'aikatun ilimi.

Ana cikin haka sai Dapchi a Fabrairun 2018, ƴan mata 110. Sannan wutar ta koma arewa maso yamma, nan kusa da mu. A Disambar 2020 aka kwashe yara sama da 300 a Ƙanƙara, jihar Katsina. Kagara ta biyo baya, sai Jangebe da ƴan mata 279, sai Islamiyyar Tegina, sai Birnin Yawuri, duka cikin wata shida na farkon 2021. Waɗannan masu neman kuɗin fansa ne, sun gane cewa ɗalibi kadara ne. A shekarar ne majalisar dattawan Najeriya ta tashi tambayar ina dala miliyan 20 ɗin nan suka shiga.

Yanzu mu tsallako gida, don a Nijar tarihin ya bi wata hanya dabam. Lokacin da ƙasar ke da kujera a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2020 da 2021, ta riƙe maganar makarantu da hannu biyu, ganin ɗaruruwan lakwal-lakwal da aka rufe a jahar Tillaberi da waɗanda rikici ya tarwatsa a Diffa. Ita da Norwe ne suka rubuta ƙuduri mai lamba 2601 kan kare ilimi a lokacin yaƙi, aka amince da shi ranar 29 ga Oktoban 2021, kwana biyu bayan an tashi daga babban taron kare makarantu da Abuja ta karɓa. Abin alfahari ne, gaskiya.

Kwana goma bayan haka, ranar 8 ga Nuwamba, gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a Maraɗi, ta kashe yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar zuwa shida. A Afrilun shekarar kuma an rasa yara 20 ta wannan hanya a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Ba ɗan bindiga ko ɗaya a wurin. Kara ne da zana da iska, da yara da suka yi ƙanƙanta su san inda za su nufa. Gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara a rumfunan zana, aka kuma fito fili da adadin: azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin ƙasa, waɗanda shugaba Bazoum ya ce za a sauya da gini.

A ganina wannan ne darasin da masu ba da tallafi suka fi jinkirin ɗauka. In an ce tsaron makaranta a manyan taruka, hankali kan tafi ga katanga da waya mai ƙaya da jami'i riƙe da bindiga. Alhali uwar da ke Maraɗi ko Tasawa abin da take tsoro shi ne ashana. Ita kanta katangar ma, tana hana ɓarawon dare da dabbobi da masu cin filin makaranta, amma ba ta tsayar da mutum ɗari a kan babura. Ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoto a 2014 cewa jami'an tsaro sun sami labarin harin Chibok fiye da awa huɗu kafin ya auku. Gargaɗi ya isa, wanda zai amsa ne babu. Wannan kuwa ba abin da tallafin makaranta ke saye ba ne, aikin hukuma ne.

Najeriya ta yi ƙoƙarin gyara kuskuren 2014. A ƙarshen 2022 ma'aikatar kuɗi, ƙarƙashin Zainab Ahmed, ta fitar da tsarin ƙasa na samar da kuɗin tsare makarantu na 2023 zuwa 2026, a kan naira biliyan 144.8, aka kuma sa biliyan 15 a kasafin 2023. An kafa cibiyar kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin hukumar sibil difens. A takarda wannan ya fi na farko, don yana da gurbi a kasafi. Amma ƴan canji na Jibiya da Ɗan Isa sun san abin da ya sami naira daga tsakiyar 2023. Kuɗin da a ranar ƙaddamarwa suka haura dala miliyan 300, kafin a yi nisa cikin 2024 ba su kai miliyan 100 ba, siminti da rodi kuwa sun yi sama. A Maris na shekarar aka kwashe yaran Kuriga a Kaduna. Wata guda bayan haka UNICEF ta ce a jihohi goma da ta duba, kashi 37 cikin ɗari na makarantu ne kawai ke da tsarin gargaɗin gaggawa. A Nuwambar 2025 kuma sai Maga a Kabi, sai Papiri a jihar Neja ta Najeriya.

A Nijar kuwa, juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sa Tarayyar Turai da Faransa suka dakatar da tallafinsu, Bankin Duniya ma ya tsayar da fitar da kuɗi na wani lokaci. Ko me mutum ke gani game da siyasar, rumfunan zana suna nan inda suke, kuma aikin da aka jingina da aljihun wani sai ya jira mai aljihun ya huce.

To wane kuɗi ne ya taɓa isa ƙofar makaranta? Galibi ƙanana ne, marasa suna a jarida. A Nijar akwai kwamitocin kula da makarantu da kowa ya sani da COGES, waɗanda shirin haɗin gwiwa da Japan ya fara ƙarfafawa a jahar Tawa tun 2004: a zaɓi shugabanni ta ƙuri'a, a kira taron gari, a rubuta abin da makaranta ke buƙata a shekara, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wani kuɗi, wani tubali, wani ƙarfinsa. A Najeriya shirin AGILE na karatun ƴan mata, wanda Bankin Duniya ya ba rancen dala miliyan 500 a 2020 ya kuma ƙara miliyan 700 a 2023, yana tura ƙananan kuɗin gyara kai tsaye zuwa asusun kwamitin makaranta. Kano da Katsina da Kaduna da Kabi da Borno na cikin jihohin farko. Sharuɗɗan duk iri ɗaya ne, ko a wane gefe: kwamiti mai rai wanda ke zama yana rubuta abin da ya tattauna, asusun banki da sunan makaranta, tsarin aiki a rubuce da farashin kowane abu, da rasit na kuɗin da aka karɓa a baya. Makarantar da ta rubuta cewa tana son ƙofa biyu a kowane aji, da bokitan yashi, da gyaran ɓangaren katangar da ya faɗi mai tsawon kaza, ta fi saurin samun amsa a kan wadda ta rubuta cewa tana neman taimakon tsaro.

Akwai kuma kuɗin da ke kwance ba mai ɗauka. Dokar ilimin bai ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, wadda ke ba jihohi tallafin gina azuzuwa da gyara su, da sharaɗin jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar na kukan cewa biliyoyin naira na zaune a hannunta saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba. Mai saurare a Katsina ko Zamfara ko Sakkwato na iya tambayar ɗan majalisarsa na jiha ko an ɗauko na bana. Mai saurare a Maraɗi ko Damagaram kuwa, ya tambayi daraktan lakwal ɗin unguwarsu yaushe kwamiti ya yi zama na ƙarshe, kuma azuzuwan zana nawa suka rage.

Mu kwana nan.