Burushin kwamfuta da fallayen hoto: Abin da ake saye da yadda ake aiki da shi

Burushin kwamfuta wani ƙaramin fayil ne da ke faɗa wa manhajar gyaran hoto irin alamar da za ta bari a duk inda mai zane ya ja linzami ko alƙalaminsa. Akwai wanda ke barin alama irin ta fensir, akwai mai kama da gawayi ko fentin ruwa, akwai kuma wanda da dannawa guda zai fito da hayaƙi, ko ganyen itace, ko tartsatsin haske. Masu ƙirƙira suna tara irin waɗannan burusai goma ko ɗari a ƙunshi guda su sayar a intanet. Yawancin ƙyalƙyalin da ake gani a katin gayyatar biki, da tambarin da ke jikin robar zoɓo ko kwalbar turare, da fastar 'yan takara, daga irin wannan ƙunshi ya fito, aka jera shi a kan fallaye har ya zama hoto ɗaya.

Ɗan kasuwar da ke ba da aikin tambari da ma'aikacin da aka ɗora wa shirya kalanda ko allon taro suna biyan kuɗin wannan aiki, sau da yawa ba tare da sanin abin da ya shiga hannunsu da abin da ya rage a hannun mai zane ba. Sanin yadda burushi da falle suke aiki yana taimaka musu wajen ciniki, yana kuma kare su daga sake biyan kuɗin aikin da suka riga suka biya.

Yadda burushi yake aiki

Kowane burushi yana da sassa biyu: bakinsa da saitinsa. Bakin wani ƙaramin hoto ne mai launin baƙi da fari da toka. Inda ya yi baƙi ƙirin, launi na fita sosai. Inda ya yi toka, launin na fita da rauni. Inda ya yi fari, ba abin da ke fita. Shi ya sa burushi ɗaya zai iya zana hayaƙi ja yau, gobe ya zana shuɗi, domin a mafi yawan lokaci mai zane ne ke zaɓar launin da kansa.

Idan aka ja layi, manhajar tana buga wannan baki ne sau da yawa a jere, kamar mai buga hatimi da sauri. Saitin shi ke ƙayyade tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, da ko girman bakin zai riƙa sauyawa, da ko zai riƙa juyawa, da ko zai watsu gefe da gefe. Idan tazarar ta yi kaɗan, sai a ga layi sumul. Idan ta yi yawa kuma aka ƙara watsuwa, sai a ga taurari ko ganyaye barbaje. Gwanintar mai ƙera burushi tana cikin daidaita wannan saiti, kuma ita ce mafi yawan abin da mai saye ke biya.

Burusan sayarwa sun kasu gida biyu. Na farko su ne na hatimi, waɗanda ake dannawa sau ɗaya su bar siffa cikakkiya, kamar gajimare ko fure. Na biyu su ne na zane, masu kwaikwayon fensir da tawada da fenti. Waɗannan na biyun an ƙera su ne domin su ji nauyin hannu: a danna da ƙarfi layi ya yi kauri, a sassauta ya yi siriri. Linzamin kwamfuta ba ya jin nauyin hannu, don haka wanda ya sayi burushin zane ba shi da allon zane mai alƙalami, irin na kamfanin Wacom ko makamancinsa, ba zai ga kyawun da ya gani a hoton talla ba.

Taƙaitaccen tarihi

Manhajar da ta fi suna a wannan fage ita ce Photoshop, wadda wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Thomas Knoll da John Knoll, suka fara rubutawa a 1987. Kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. A farkon zamaninta, duk abin da aka zana a kan hoto yana manne da shi nan take. A 1994 ne fitowa ta uku ta zo da fallaye, a 1998 kuma fitowa ta biyar ta zo da kwalliyar falle, irin su inuwa da haske. Daga 2013 kamfanin ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara a maimakon saye sau ɗaya. A 2017 ya sayi burusan wani mai zane Ba'amurke, Kyle T. Webster, wanda ya yi suna wajen sayar da su, ya buɗe fiye da dubu daga cikinsu ga masu biyan kuɗin manhajar. Wanda ke biyan wannan kuɗi zai fi dacewa ya duba waɗannan tukuna kafin ya sayi wasu.

Akwai kuma manhajojin da ba a biya. GIMP ta samo asali a 1995 a hannun ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, Spencer Kimball da Peter Mattis. Krita kyauta ce ita ma, kuma ta fi karkata ga zane. Photopea tana aiki ne kai tsaye a shafin intanet, tana kuma buɗe fayilolin Photoshop. Procreate, wadda wani kamfanin Ostareliya ya fitar a 2011, ta masu amfani da iPad ce, kuma saye ɗaya ake yi mata.

Fallaye da kwalliyarsu

Falle, wanda masu sana'ar ke kira leya, ya yi kama da farar leda garai-garai da aka ɗora a kan hoto. Ana iya zana abu a kanta, a matsar da ita, a ɓoye ta ko a cire ta, hoton da ke ƙasa bai taɓu ba. A tambarin robar zoɓo, alal misali, launin bango yana falle na ƙasa, hoton robar yana na biyu, fantsamar ruwan da burushi ya yi yana na uku, sunan kaya da lambar waya suna na sama. Idan lambar waya ta sauya, fallen sama kaɗai ake buɗewa.

Ƙa'idar da ƙwararru suka fi riƙewa ita ce kada a taɓa yin zane da burushi a kan asalin hoton. A buɗe sabon falle ga kowane irin bugu, a ba shi suna. Idan kuma ana son rage wani ɓangare, maimakon gogewa sai a yi amfani da mayafin falle, wato wani shafi da ke manne da fallen: inda aka shafa masa baƙi sai wurin ya ɓuya, inda aka shafa fari sai ya dawo. Da haka babu abin da ke salwanta.

Kowane falle yana da salon da yake gauraya da na ƙasansa. Uku ne aka fi amfani da su. Salon duhuntawa, da ake kira maltifilai, yana ɓatar da fari ya bar duhu, don haka ya dace da inuwa da tabon tawada da yanayin tsohuwar takarda. Salon haskakawa, wato sikirin, yana ɓatar da baƙi ya bar haske, shi ya sa ake ɗora wuta da tartsatsi da hayaƙi da shi. Na uku, obale, yana ƙara wa duhu duhu, haske kuma haske, sai hoton ya ƙara fitowa. Bayan salon gauraya akwai ma'aunin kauri, daga sifili zuwa ɗari, wanda da shi ake rage ƙarfin fallen da ya yi yawa.

Kwalliyar falle kuwa ado ne da manhajar ke lissafawa da kanta a gefen duk abin da ke kan fallen. A Photoshop iri goma ne, daga cikinsu akwai inuwar baya, da hasken gefe, da layin kewaye, da tudun da ke sa rubutu ya yi kamar an sassaƙa shi. Amfaninta shi ne tana bin abin da aka ɗora ta a kai: idan aka sauya rubutu, inuwar da zinariyar da ke jikinsa za su koma kan sabon rubutun. Ana sayar da irin wannan kwalliya a shirye, kamar yadda ake sayar da burusai. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne saɓanin haske, wato inuwar rubutu ta faɗi dama, ta kwalba ta faɗi hagu, sai ido ya ji wani abu bai zauna ba ko da mai kallo bai san dalili ba.

Abin dubawa kafin saye

Abu na farko shi ne nau'in fayil. Burusan Photoshop suna zuwa da ƙarshen suna ABR, kwalliyar falle kuma ASL. GIMP da Krita da Procreate suna karɓar ABR, sai dai galibi bakin burushin ne ke wucewa lafiya, saitin kuwa yakan sauya ko ya ɓace. Burushin da aka ƙera wa Procreate ba ya buɗewa a Photoshop. Masu aiki da CorelDRAW, wadda ta cika shagunan ɗab'i a Najeriya, su sani cewa tata hanyar daban ce, domin da layuka da lissafi take zane, Photoshop kuwa da ɗigo-ɗigon da ake kira fiksel.

Na biyu shi ne girma. Photoshop tana barin a buɗe burushi har fiksel 5,000, amma burushin hatimi da aka ƙera a kan fiksel 1,000 zai dushe idan aka ja shi ya wuce haka. A ma'aunin ɗab'i na fiksel 300 a kowane inci, fiksel 1,000 bai wuce santimita takwas da rabi ba, alhali takardar A4 tana buƙatar 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo. Allon talla na bakin titi bai buƙatar wannan ma'auni, tunda daga nesa ake kallonsa, amma tambarin da mai saye zai riƙe a hannu yana buƙatarsa.

Na uku shi ne inda aka samo kayan. Kasuwanni irin su Creative Market da Envato Elements da Gumroad da Etsy suna sayar da su, galibi da dala. Akwai kuma shafukan da ke raba kayan sayarwa kyauta ba da izinin masu su ba. Fayil ɗin burushi ba ya buƙatar a girka wata manhaja kafin ya yi aiki, don haka duk ƙunshin da ya zo da fayil mai ƙarshen EXE abin gudu ne, musamman a kwamfutar ofis ko wadda ake hada-hadar banki da ita.

Lasisi da haƙƙin mallaka

Wanda ya biya kuɗin ƙunshin burushi, izinin amfani ya saya, haƙƙin mallakar kuwa yana nan ga wanda ya ƙera. Wannan izini, wato lasisi, yakan zo hawa-hawa. A Creative Market, misali, hawa uku ne: na amfanin kai, da na kasuwanci, da na kasuwanci mai faɗi. Na farko bai halatta a yi tambarin kayan sayarwa ba. Na biyu ya halatta, amma da iyaka a kan yawan kayan da za a buga. Kusan kowane lasisi ya hana a sake sayar da fayil ɗin ko a raba wa abokai, da yawa kuma sun hana a ɗauki hatimi guda yadda yake a mayar da shi alamar kamfani da za a yi wa rajista, tunda wasu dubbai sun sayi hatimin nan.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ita ce ke aiki, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da ita. Ƙa'idarta ta gaba ɗaya ita ce haƙƙin aiki yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙira shi, sai in an yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka, kuma miƙa haƙƙin ga wani sai a rubuce. Ɗan kasuwar da ya biya aka yi masa tambari, bai rubuta komai da mai zane ba, yana iya tarar da cewa tambarin da aka san kayansa da shi bai zama mallakarsa yadda ya ɗauka ba.

Daga allo zuwa takarda

Allon kwamfuta da na waya suna haɗa launi ne da haske uku: ja, kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, tsarin da ake kira CMYK. Akwai launukan da haske ke iya fitarwa tawada ba ta iyawa, musamman kore da shuɗi masu walƙiya. Hasken gefe da tartsatsin da suka yi kyau a waya sukan fito a dushe a takarda, salon gauraya ma yakan sauya kama idan aka juya fayil daga wannan tsari zuwa wancan. Maganin wannan shi ne a buga gwaji guda a kan irin takarda ko ledar da za a yi aikin da ita, a duba shi da rana, kafin a ba da umarnin buga dubu.

Abin da mai ba da aiki zai nema

Hoton da mai zane ke turowa ta WhatsApp galibi JPEG ne, wanda aka narkar da fallayensa duka suka zama ɗaya, manhajar kuma ta ƙara matse shi. PNG yana riƙe bango garai-garai, amma shi ma ba shi da fallaye. Fayil mai fallaye shi ne PSD a Photoshop, XCF a GIMP, KRA a Krita. Wanda ba shi da wannan fayil, ranar da farashi ko adireshi ya sauya, dole ya koma wurin mai zanen farko, in kuma bai same shi ba, a fara aikin daga tushe.

Saboda haka, tun kafin a biya kafin-alƙalami ya kamata a daidaita a kan abubuwa huɗu: ko kuɗin ya haɗa da fayil mai fallaye, da wane lasisi ne ke kan burusai da hotuna da salon rubutun da za a yi amfani da su, da wane ne zai mallaki haƙƙin aikin bayan an gama, da kuma girman da za a buga shi. Wasu masu zane suna cajin ƙarin kuɗi a kan fayil mai fallaye, kuma wannan sananne ne a sana'ar. A rubuta abin da aka amince a kai, kowane ɓangare ya sa hannu, a ajiye kwafin fayil ɗin a wuri biyu.