Tarihin NNS Aradu, Babban Jirgin Yaƙin Ruwan Najeriya

A shekarar 1977, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta bai wa kamfanin Blohm + Voss na birnin Hamburg a Jamus kwangilar ƙera wa rundunar sojin ruwa jirgin yaƙi. Ana so ne ya gaji NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan tun 1965. An fara aikin a ƙarshen 1978, aka tura shi cikin ruwa a Janairun 1980 da suna Republic, kafin daga baya a raɗa masa Aradu. Ya iso Legas a Disamban 1981, ya kama aiki a Fabrairun 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari.

Ba ƙaramin jirgi aka sayo ba. Tsawonsa ya kai mita 125, nauyinsa ya haura tan 3,000, yana ɗauke da babbar igwa, da makamai masu linzami, da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. Shi ne na farko a duniya da aka ƙera bisa tsarin MEKO, inda ake harhaɗa makamai da na'urori cikin akwatuna dabam-dabam, ta yadda za a iya zare wanda ya tsufa a zura sabo ba tare da an farke jikin jirgin ba. Dabarar tana da kyau, amma fa ga wanda ke ware kuɗin gyara a kai a kai.

A nan ne gizo ya yi saƙa. A 1987 kaɗai, sau biyu jirgin yana kafewa, ya kuma yi karo. Daga 1991 zuwa 1994 yana wurin gyara a Legas. Ya ɗan farfaɗo har ya fitar da ƙasa kunya: ya halarci bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar a Ingila a 2005, ya kuma tsallaka Tekun Atlantika zuwa Brazil a 2007. Daga nan sai zaman jira a bakin gaɓa, shekara da shekaru, yayin da 'yan fashin teku ke cin karensu babu babbaka a Mashigin Gini.

A 2023 rundunar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya don a sabunta shi. A ganina, ba tsufa ne ya kayar da Aradu ba, sakaci ne.