Tagwayen Jan Ƙarfe: Daga Asitet zuwa Fosfet

Tun zamanin Pierre Curie masana suka san cewa gishirin jan ƙarfe yana ƙara amsa jan maganaɗisu gwargwadon yadda aka sanyaya shi. Dalili kuwa, kowace ƙwayar zarra ta jan ƙarfe a cikinsa tana da ilektiron guda marar abokin zama, shi kuwa tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ne wanda zafi ke hana wa tsayawa wuri ɗaya.

Wani gishiri ya ƙi bin wannan ƙa'ida, watau asitet na jan ƙarfe, mai launin tsanwa-tsanwa, wanda ake samu in ruwan binega ya ci ƙarfen. Cikin 1951 B. C. Guha, masani a Indiya, ya nuna cewa da an wuce sanyin daskarewar ruwa kaɗan, sai amsawarsa ta shiga raguwa.

Cikin 1952 Bleaney da Bowers na Jami'ar Okusfod suka warware matsalar, ba tare da sun ga siffar gishirin ba. Suka ce lalle zarrar jan ƙarfen bibbiyu take zaune, ilektiron ɗin wannan yana fuskantar gabas na waccan yana fuskantar yamma, ƙarfinsu ya kashe juna. Shekara guda bayan haka van Niekerk da Schoening a Afirka ta Kudu suka haska gishirin da hasken eksire, sai ga tagwayen, gadoji huɗu na asitet sun haɗa su, tazararsu angistiram 2.64, alhali a cikin ƙarfen kansa 2.56 ce. Ba kasafai lissafi kan riga ido gani haka ba.

Daga nan tambaya ta koma kan gadar: in aka sāke ta, me zai faru? Fosfet ya fi wuyar sha'ani, domin hannuwansa sun yi yawa. Yakan kama jan ƙarfe ta kowane gefe har ya zama dunƙule marar narkewa, irin ma'adinin libetenait. Dabarar da aka samo ita ce a ɗaura wa fosfet ɗin wani ƙaton reshe mai tare hanya, yadda zarra biyu ko huɗu kaɗai za su haɗu. Murugavel da almajiransa a Mumbai sun yi aiki mai yawa a nan. Awon ya nuna cewa gadar fosfet, sau da yawa, ba ta isar da saƙo tsakanin ilektiron biyu da ƙarfi kamar ta asitet, sai an kai sanyi mai tsanani kafin alamar ta bayyana.