Daga Zamanin Duba-gari Zuwa Yau: Kayan Gini Da Haƙƙin Hanya

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Funtua a shekarun 1920, kuma injinan gurzar auduga suka kafu a Funtua da Malumfashi, garuruwanmu ke ta bunƙasa da gine-gine. A zamanin En'e, duba-gari ke zagaya unguwanni, wanda duk ya tara shara a kan hanya kuwa yakan sha tara.

A 1985 gwamnatin Janar Buhari ta shigar da tsaftar muhalli cikin shirin WAI. Dokar tsara birane ta 1992 ta wajabta neman izini kafin yin gini, sannan Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara da kula da tituna da magudanan ruwa.

Ashe ke nan doka tana nan, kiyaye ta ne ya yi rauni. Mu mazauna Kaduna, Kano, Abuja da Legas muna aiko da kuɗin gini, tifa ta juye yashi a bakin titi, damina ta kwashe shi ya toshe kwalbati, ruwa ya shiga gidan maƙwabci. Wajibi ne kowannenmu ya nemi izini, ya kuma umarci magininsa ya kwashe ɓaraguzai kafin faɗuwar damina. Allah Ya ba mu ikon kiyayewa.