Babur Ɗin da Aka Sayar da Tabonsa

A watan Janairun 2018, a birnin Las Vegas na Amurka, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sallama wani tsohon babur ƙirar 1951 a kan dala 929,000. Kafin ranar ba a taɓa sayen babur a gwanjo da tsada haka ba. Mai sayen babur na hannu yakan fara duba fenti da taya ne kafin ya tayar da inji, kuma da irin wannan idon ne da wuya babur ɗin ya burge kowa. Fentinsa ya koɗe, jikinsa duk tabon tsere.

Sunansa Vincent Black Lightning. A garin Stevenage na Ingila aka ƙera shi, da inji mai silinda biyu, cc 998. Don tsere kaɗai kamfanin Vincent ya yi wannan samfurin, shi ya sa babu fitila a jikinsa, babu duk wani abin da zai ƙara masa nauyi. Tsakanin 1948 da 1952 kimanin guda 30 kacal aka ƙera.

Sunan ya fara tashe ne saboda hoto ɗaya. A watan Satumban 1948 wani Ba'amurke, Rollie Free, ya hau na gwaji a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah. Ya lura rigar fatarsa tana kama iska tana rage masa gudu, sai ya tuɓe ta. Ya rage daga shi sai ɗan kamfai na ninkaya da hular wanka da takalmi, ya kwanta rubda ciki a kan babur, ƙafafu a miƙe ta baya. Ya yi gudun mil 150 a awa, wato kusan kilomita 242, ya kafa sabon tarihi a Amurka. Da ya faɗi a kan gishirin nan tsirara haka, Allah kaɗai ya san abin da za a tsinta. Jaridu suka yi ta buga hoton, kamfanin ya samu tallar da kuɗinsa ba za su iya saya ba.

Wanda aka sayar a Las Vegas kuwa Ostareliya aka kai shi, ya bi ta hannun wasu mahaya kafin ya zo hannun Jack Ehret. A watan Janairun 1953, a kan wata hanya da aka rufe kusa da garin Gunnedah, Ehret ya yi gudun mil 141.5 a awa, kusan kilomita 228, ya zama wanda ya fi kowa gudu a babur a ƙasar. Ya ci gaba da shiga tsere da shi, sannan ya riƙe abinsa fiye da shekara 40.

Wannan riƙon, a ganina, shi ya yi wa babur ɗin kuɗi. Tsofaffin baburan tsere yawancinsu gyara ne ya cinye su: yau a canja inji, gobe a canja firam, jibi a sake fenti, har a rasa abin da ya rage na asali. Na Ehret ya tsira daga wannan. Ko da aka kai shi Faransa wajen bakanike Patrick Godet, wanda ya shahara da aikin Vincent, inji ya tayar, bai taɓa fenti ba. Mai saye yana iya ɗora tsohon hoton jarida kusa da ƙarfen ya ga abu ɗaya ne.

Shi kuwa kamfanin bai ci ribar sunansa ba. Baburansa sun yi wa talaka tsada, aikin hannu ya yi yawa a ƙirarsu, asara ta yi ta taruwa. A 1955, shekara biyu bayan gudun Gunnedah, Vincent ya daina ƙera babura gaba ɗaya.